Baho Mai Kunne Biyu

Idan ka tambayi mutanen unguwar da gidan kwanan 'yan mata yake a Malanville wace ce Inna Jariatu, za su ce maka mai dafa abinci ce. Ba su yi ƙarya ba. Shekara talatin da 'yan kai tana tsaye a kan manyan tukwane uku, hayaƙi ya dafa mata ido har ya koma ja. Amma ni Na'ima 'yar Hamani, duk wanda ya ce mini girki ne aikinta sai in dube shi kawai, don bai san dawan garin ba. Na zauna gaban malamai masu ilimi, na yi aiki da likitoci, ban taɓa ganin mai karanta mutum kamar wannan matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ba.

Girkin ma, tsakani da Allah, ba wani abin a zo a gani ba ne. Shinkafarta yau ta caɓe, gobe ta tsaya ƙiƙam kamar an ɓata mata rai. Miya kuwa gishiri ne gwargwadon yadda ta tashi da safe. Mun sha yi da ita a ɗaki, ita ma ta san muna yi.

'Yar makiyaya ce. An haife ta a ruga wajen Toumboutou, ta tashi cikin shanu, ta san kowace da sunanta da halinta. Wata shekarar fari ta cinye garken mijinta, ba a daɗe ba shi ma ya bi. Ta shigo gari da ƙwarya tana tallan nonon wasu. Da aka buɗe gidan kwana domin 'yan matan ƙauye masu zuwa kolej, aka nemi macen da ba ta tsoron sammako, ba ta tsoron hayaƙi, sai aka nuna ta. Tun daga ranar ba ta sake barin madafar ba.

Ina da shekara goma sha biyu aka kai ni. Ƙauyenmu yana bayan Guéné, nesa da kwalta, kuma ni ce mace ta farko a gidanmu da ta ci jarrabawar firamare. 'Yan uwan Baba sun yi masa dariya da ya ce zai kai ni gari, suka ce ba zan yi mako biyu ba. Shi kuwa mutum ne mai magana ɗaya, in ya faɗa ko da kuka ba ya janyewa. A bakin ƙofar gidan kwanan ya sauke akwatina, ya dubi ƙasa, ya ce:

"Na kawo ki da ƙahwata. In kinka koma gida da taki ƙahwa kahin hutu, kin gama lakwal ke nan, ba sauran karatu. Hauyarki na nan inda kinka aje ta."

Ya juya ya tafi bai waiwayo ba. Na san ba barazana yake yi ba.

Wanda bai taɓa kewar gida ba ya ɗauka kuka ne kawai. Ina ma kuka ne. Abu ne da yake zama a maƙogwaro, ya hana loma wucewa. A gida carar zakara da sakan turmi suke tashe ni, a nan wani guntun ƙarfe ake bugawa. A gida in na fita kowa ya san 'yar wa ce ni, a nan sunana ma da Faransanci ake kiran sa, na mahaifi a gaba, har sai an maimaita nake gane ni ake nufi. Manyan motoci suna wucewa dare da rana zuwa gadar kan iyaka, 'yan kabu-kabu suna ta tsere a tsakaninsu, garin ba ya yin shiru ko na ɗan lokaci. Tuwon dawar mahaifiyata nake so, da miyar kukarta mai warin hayaƙi, da ƙanina da yake damuna da kuka. Har akuyarmu mai cin sabulu na yi kewa. Manyan ɗalibai kuwa sun manta sun taɓa zama sababbi, sai su ce mana 'yan yaye, a kawo mana nono.

Kwana goma na yi ina mayar da kwanona kusan yadda aka zuba. Na san abin da Baba ya ce, na auna hauya da wannan azabar, na ga hauya ta fi sauƙi. Na yanke shawara ranar Juma'a, ranar da motar ƙauyenmu take zuwa kasuwa, zan sulale.

Ranar Laraba bayan la'asar Inna Jariatu ta yafito ni daga ƙofar madafa. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago kai ba. Ta nuna mini da haɓa wata doguwar yarinya baƙa da take zaune ita kaɗai a gindin mangwaro, ta ce sunanta Shamsiyya, daga rugagen Toumboutou aka kawo ta.

"Gudu za ta yi," in ji Inna a hankali. "In ko ta tahi, ba a maido ta. Ni tsohuwa ta, ga tukwane, ba ni iya bin ta. Na duba ɗiyan ga duka, ke ɗai nig ga mai hankali. Na ba ki amanarta, ɗiyata. Kak ki bari ta sani."

Haushi ya kama ni, sannan wani daɗi ya biyo baya. Kwana goma ba wanda ya dube ni, yau ga babbar mace ta ce ni ce mai hankali. Kuma a gidanmu ba a wasa da amana, kakata takan ce gara ka ci wuta da ka ci ta. Na ce a raina to, bari in ɗaga tafiyar da mako guda, in yarinyar ta saba sai in kama gabana.

Washegari Inna ta ce kwanoni sun yi kaɗan, ni da Shamsiyya za mu riƙa ci a guda. Ta kuma fito da wani tsohon baho na dalma mai kunne biyu, faɗinsa ya fi ƙarfin kan yarinya ɗaya, in an cika shi sai mutum biyu. Ta ce daga yau mu ne masu ɗebo ruwa daga famfo da wanke shinkafa. Ni na kama kunne ɗaya, Shamsiyya ta kama ɗaya.

Ban so ta ba da farko, ba zan ɓoye ba. Ba ta magana, Hausarta ta kasuwa ce, irin ta masu sayar da nono, in ta ƙare sai ta zuba maka ido. Ta fi ni tsawo, kullum bahon ya karkato wajena ruwa ya jiƙa mini zane. Ga naci. Duk inda na sa ƙafa tana baya, in na shiga wanka in fito in same ta tsaye a ƙofa. Na riƙa cewa a raina, Allah sarki, marainiyar kaza ta sami uwa. Wajen cin abinci kuwa sai ta turo mini yankin kifi, in mayar mata, ta sake turowa. Na lura ba ta kai loma sai ta ga na kai, don haka na daure na riƙa ci domin ta ci. Ina haɗiya da ƙyar ina yaba wa kaina irin ƙoƙarin da nake yi a kan 'yar mutane.

Juma'ar farko ta wuce ban tafi ba. A ta biyu Inna ta ce mu ɗauko baho mu raka ta kasuwa.

Ban taɓa ganin abu kamar kasuwar Malanville ba, har yau kuma in na shiga sai na ji ƙanƙanta. Buhunan albasa an jera su sun fi ɗaki tsawo. Shinkafa, busasshen kifi, barkono, atamfofi, mutanen Gaya da na Kamba da na kudu, kowa da harshensa, kowa kuma yana jin ɗan uwansa in an zo ciniki. Inna ta cika mana baho da tumatir da albasa da kifi, ta kai mu wata mararraba kusa da inda motocin ƙauye suke tsayawa. Ta ce ta manta daddawa, mu jira ta a nan kada mu aje bahon a ƙasa saboda ɓarayi da awaki. Ta shige cikin mutane.

Ina ɗaga ido na ga motar Ɗan'iya. Tsohuwar a-kori-kura ce mai ƙofa ɗaure da igiya, ita take kawo mutanenmu kasuwa duk mako. An gama lodi, ga maƙwabciyarmu zaune a kan buhu da ɗan ragonta, ga tabarmar da na sani, ga jar ƙasar hanyarmu a jikin tayoyi. Ɗan'iya ya leƙo ya gan ni.

"A'a, ɗiyar Hamani ta? Kin rame, yarinya. Hau mu tahi ki gai da uwarki, in maido ki mako mai zuwa. Kullum na koma sai ta tare ni ga hanya ta tambaye ni ko na gane ki."

Bai san sharaɗin Baba ba, alheri yake nufi. Ƙafafuna suka fara tafiya ba da shawarata ba. Sai na ji bahon ya ƙi biyo ni, ana jan sa ta ɗaya gefen. Na waiga. Shamsiyya ta miƙa wuya wajen rumfar masu nono, inda wata mace mai shuɗin zane ta miƙe tsaye, ta kare ido da tafin hannu tana kallon ta. Goggonta ce, daga baya na sani. Ina ja nan, tana ja can, tumatir ya fara gangarowa ƙasa.

Abin da ya zo mini shi ne, in na saki kunnen nan, yarinyar nan ta tafi ke nan, kuma a wuyana. Na damƙe dalmar har ta shiga mini tafin hannu. Na ce wa Ɗan'iya ba zan iya zuwa ba, aiki aka ba ni, ya gaishe da mahaifiyata ya ce mata ina lafiya. Na ji Shamsiyya ita ma tana faɗa wa goggonta wani abu da Fulatanci tana girgiza kai, hawaye na zuba. Motar ta tashi da ƙyar, ta yi tari, ta bi hanyar kudu. Na bi ta da ido har ta ɓace, na ji kamar an ɗaure hanjina a bayanta ana ja.

Can sai ga Inna ta ɓullo, ba daddawa a hannunta. Ta duƙa ta tsince tumatirin da ya zube, ta ce mu je gida. Muka ɗauko bahon muna kuka mu biyu, mutane suna ba mu hanya. A ranar muka cinye kwanonmu tas, har muka nemi ƙari.

Ba zan ce kewar ta tafi ba. Ta dai sauka daga maƙogwaro ta koma wani wuri da mutum zai iya ɗauke da ita ya yi karatu. Shamsiyya ta koya mini kitso irin nasu, ni na koya mata harshen Dendi da lissafi. Muka gane in ta ɗan rage tsawo ni na ɗaga hannu, ruwa ba ya zuba. Da hutun Disamba ya zo, Baba ya zo da kansa. Ya ɗauki akwatina ya ɗora a kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya ratsa ƙauye da shi ta gaban 'yan uwansa.

Shekara huɗu muka yi. Ranar da muka gama jarrabawar ƙarshe muna haɗa kaya, na ga lokaci ya yi da zan karɓi godiyata. Na ce wa Shamsiyya ta gode wa Allah ta gode mini, don ba don ni ba da tuni tana ruga, Inna ce ta ba ni amanarta tun farkon zuwanmu. Ta tsaya da zane a hannu tana kallona.

"Ke ta anka ba ni amana, Na'ima," ta ce. "Inna tac ce gudu za ki yi ran Juma'a. Tac ce ni ɗai ta mai hankali."

Muka yi tsaye kamar an dasa mu. Bin da take yi mini har ƙofar wanka, kifin da take turowa, lomar da take jira, duk suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ashe marainiyar kazar ni ce. Muka nufi madafa, rabi fushi rabi dariya, muka same ta inda take kullum da farantin shinkafa.

Ba ta musa ba, ba ta kuma ji kunya ba. Ta ce a ruga in an sayo sabuwar saniya ba ta cin ciyawa, sai ta tsaya ta fuskanci inda aka rabo ta da shi, ta yi ta ja har ta tsinke igiya. Yarinya ma haka take. Ita ba fuska take dubawa ba, kwano take dubawa, da inda yarinya take juya gabanta in ta zauna. Ni kudu nake fuskanta, Shamsiyya yamma. Yadda ta san Juma'a kuwa, ranar Laraba kowa ya yi wanki ban yi ba, mai shirin gudu ba ta son barin jiƙaƙƙen kaya a igiya. Ta ce mahaifinta yakan haɗa wuyan sabuwa da na tsohuwa har ta saba, amma tsofaffin ɗalibai ba su da wannan amfanin, sun manta zafin. Sai ta tuna wata shekara da ya sayo shanu biyu daga kasuwanni daban, igiya kuma ɗaya ta rage masa.

"Wagga ta ja kudu, wagga ta ja yamma," in ji ta. "Ba wadda ka zuwa ko'ina. In sun gaji da ja, sai su duƙa su ci haki."

Ta ce ba kullum abin yake ci ba. Shekarar farko da ta gwada, ta haɗa yara biyu 'yan gari ɗaya, suka ja wuri ɗaya, aka tsinci bahon a tasha. Har yau ta riƙe sunayensu. Ɗaya tana sayar da ƙosai a bakin kasuwa, Inna takan canza hanya don kada su haɗa ido. Kasuwar da ta kai mu kuwa da gangan ne, ta san ranar motarmu, ta san rumfar goggon Shamsiyya. Ta ce dole wata rana mu ga hanyar gida a buɗe, gara mu gan ta muna riƙe da juna. Tana bayan buhunan albasa tana leƙen mu, ba addu'ar da ba ta yi ba.

Na tambaye ta ko ba ta tsoron Allah da ta yi mana ƙarya. Ta ce ina ƙaryar take, ni gudu zan yi, Shamsiyya ma gudu za ta yi. Na ce to batun hankalin fa, mutum biyu kowace ita kaɗai? Ta yi dariya har haƙoranta biyu da suka rage a sama suka fito, ta ce wannan dai Allah ya gaskata ta daga baya.

Shugabar gidan tana da littafin dokoki, malamai suna da bulala da nasiha, ba ɗayansu da ya riƙe ni. Mace mai tsince shinkafa ce ta gane cewa yarinyar da ba za ta zauna don kanta ba za ta zauna don wata. Yau ni ungozoma ce a wani ƙauye gaba da namu, Shamsiyya tana yi wa shanu allura daga ruga zuwa ruga, makiyaya suna miƙe mata. Irinmu suna da yawa, malamai, ma'aikatan asibiti, har da mai aiki a duwan, wato kwastan. Na tabbata da dama a cikinsu har gobe kowace tana ganin ita ce ta ceci 'yar uwarta. Inna ta roƙe mu kada mu faɗa wa na baya, muka kuwa kama bakinmu.

Bana da aka koma makaranta na kai 'yata Rahina gidan. Inna ta tsufa ƙwarai, wata ce yanzu take ɗaga tukwane, ita tana zaune a ƙofar madafa da farantinta. Bahon yana nan, an sake masa gindi, kunnuwan dai su ne. Na yi wa Rahina nasiha mai yawa, na taho ina jin kaina jaruma.

Bayan mako biyu na kasa daurewa. Na ƙirƙiro sayen magani a gari, na biya. Da Rahina ta fito na ga ƙashin wuyanta, idanu sun faɗa, sai duk abin da na sani ya zube. Ni da aka yi wa dabarar, ni da na san ƙarshenta, na ji bakina yana cewa ta ɗauko mayafinta mu je gida kwana biyu, zan yi wa shugaba magana. Idonta ya ciko, ta yi taku ɗaya wajena. Sai ta waiwaya. A ƙofar ɗakinsu wata 'yar ƙaramar yarinya tana tsaye ta kafe mu da ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Rahina ta matso kusa da kunnena.

"Mama, ba ni iya zuwa. An ba ni amana. Kak ki hwaɗa ma kowa."

Na dubi madafa. Inna Jariatu tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba. Na ce wa Rahina ta riƙe amanarta da kyau, na fita na tsai da ɗan kabu-kabu ya kai ni tasha. Sai da motar ta kama hanyar kudu, kujerar da ke gefena ba kowa, na tuna mahaifiyata tsaye a bakin hanya ranar da Ɗan'iya ya koma ba ni a ciki. Na ja mayafi na rufe fuskata har Guéné.